Ina fesa magani duk mako amma kyankyasai sun ƙi ƙarewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Kyankyasai sun addabe ni a gida, musamman ƙananan nan masu ruwan ƙasa da ke cika kicin. Kusan duk mako sai na fesa magani, da safe in share matattu, amma bayan 'yan kwanaki sai su dawo kamar ba a yi komai ba. Yanzu har da rana nake ganinsu. Ina da yaro mai asma, kuma yawan feshin nan ya fara ba ni tsoro. Mece ce mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yaron lafiya. Abu na farko da zan roƙe ki shi ne ki ajiye gwangwanin feshin nan daga yau. Ba wai don ba ya kisa ba, ai kina share matattu da idonki. Matsalar ita ce waɗanda yake kashewa ba su ne tushen fitinar ba, kuma kowane feshi yana ƙara wa aikin da ke gabanki wahala, yana kuma ƙara wa ƙirjin yaronki nauyi.

Bayanin da kika yi ya nuna irin da masana ke kira kyankyason Jamus, Blattella germanica. Tsawonsa bai wuce milimita 13 zuwa 16 ba, kuma idan kika duba bayan kansa da kyau za ki ga zane baƙi guda biyu a jere. Shi ne ya fi kowane kyankyaso wahalar da mutane a cikin ɗaki, domin ba ya zaman waje. A cikin gida ake haifarsa, a ciki yake hayayyafa, a ciki yake mutuwa. Macensa tana zuba ƙwanta a cikin wani kwanso mai tauri, ƙwai 30 zuwa 40 a kowane kwanso, kuma ba ta yar da shi kamar yadda manyan kyankyasai ke yi. Tana yawo da shi manne a gindinta har kusan mako huɗu, sai ana gab da ƙyanƙyasa take sauke shi. A rayuwarta takan yi kwanso 4 zuwa 8. 'Ya'yan kuma idan wuri yana da ɗumi da laima, cikin wata biyu ko makamancin haka sun balaga sun fara nasu.

To ga inda feshi yake faɗuwa. Kyankyaso yakan ƙare kusan kashi uku cikin huɗu na lokacinsa a laɓe cikin tsaga, inda bayansa da cikinsa duka suke taɓa wani abu. Haka halittarsa take, ba ya samun natsuwa sai a matse. Masu fitowa yawo da dare galibi maza ne da manyan 'ya'ya. Macen da ke ɗauke da kwanso ba ta cika fita ba, cin abincinta ma raguwa yake yi sosai a wannan lokacin, ƙananan 'ya'ya kuwa ba sa nisa da maɓoya. Idan kika yi feshi, 'yan yawon dare kika kashe. Uwaye da jarirai suna can cikin tsaga ba abin da ya same su, ƙwan da ke cikin kwanso kuma magani ba ya ratsa shi. Bayan kwanaki sai sabon ɗauki ya fito, ke kuma ki ga kamar sun dawo, alhali ba su taɓa tafiya ba.

Akwai abu na biyu. Ki duba jikin gwangwanin, kusan tabbas za ki ga sunan sinadari mai ƙarewa da "thrin", kamar cypermethrin, permethrin ko deltamethrin. Wannan dangin magani yana da kora. Kyankyason da ya shaƙi kaɗan bai mutu ba, guduwa yake yi ya nemi wani wuri. Shi ya sa gidan da ake yawan feshi za ki tarar kwarin da da a kicin kaɗai suke, sun bazu har ɗakin kwana, cikin talabijin, bayan agogon bango. Sannan an shafe shekaru da dama ana fesa musu irin wannan magani a ko'ina cikin duniya, har jikinsu ya saba. A wani aiki da aka wallafa a shekarar 2019, masu bincike na Jami'ar Purdue da ke Amurka, ƙarƙashin Michael Scharf, sun bi diddigin kyankyasai a wasu gidajen haya na tsawon wata shida, suka ga ƙarfin jure magani yana iya ninkuwa sau 4 zuwa 6 daga iyaye zuwa 'ya'ya, har ma ga magungunan da ba a taɓa sa musu ba. Duk wanda ya tsira daga feshinki, shi ne zai haifi na gaba.

Ganinsu da rana da kika ambata alama ce da ba na so. Kyankyaso ɗan dare ne. Idan ya fito da rana tsaka, yawanci maɓoya ce ta cika har ta yi musu kaɗan, ko abinci ya yi ƙaranci ga yawansu. Ki ɗauka cewa waɗanda ba ki gani sun ninka waɗanda kike gani nesa ba kusa ba.

Dabarar da ke aiki ta saɓa wa feshi gaba ɗaya. Maimakon ki bi su da guba, ki ajiye musu guba mai kama da abinci su zo su ci da kansu, su koma maɓoyarsu da ita. Amma kafin nan sai kin san inda suke.

Ki bari dare ya yi, a kashe fitilar kicin na awa ɗaya ko biyu, sannan ki shiga da tocila. Kada ki tsaya kashe su, ki lura da inda suke gudu suna shigewa. Washegari ki bi waɗannan wuraren. Ki buɗe ƙofar kabad ki haska hinjin, can cikin kusurwar da ƙarfe ya haɗu da katako. Idan suna nan za ki ga ɗige-ɗige baƙaƙe ƙanana manne a jiki, wani wurin har ya zama tabo, wannan kashinsu ne. Za ki ga saɓar da suka yi, siririya mara nauyi, da kwansunan da aka ƙyanƙyashe, masu launin ƙasa da layi-layi a jiki. Idan sun yi yawa akwai wani wari mai maiƙo da ke tashi, wanda duk wanda ya taɓa jinsa ba ya mantawa. Ki zare durowa gaba ɗaya ki juya ta, ki haska ramin da ta fito. Ki duba ƙarƙashin wurin wanke-wanke, musamman inda bututu ya shiga bango. Sannan ki ja firji gaba. A can ƙasa ta baya akwai injinsa mai ɗumi dare da rana, kusa da shi kuma akwai ɗan faranti da ruwan firjin ke taruwa a ciki. Ɗumi, ruwa, duhu, ga ɓurɓushin abinci da tsintsiya ba ta kaiwa. A mafi yawan gidaje nan ne babbar sheƙa. Kada ki manta da robar bakin ƙofar firjin, ki ɗaga ninkinta ki gani.

Ki sayi tarkon danƙo, irin kwalin nan mai gam a ciki, ki ajiye guda shida zuwa goma a jikin bango da kusurwoyi: bayan firji, gefen murhu, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, banɗaki. Ki rubuta wuri da kwanan wata a jikin kowanne. Ba shi zai ƙarar da su ba, aikinsa ya gaya miki gaskiya. Tarkon da ya cika da ƙanana, sheƙa tana kusa da shi ƙwarai, domin ƙananan ba sa tafiya mai nisa. Nan gaba kuma da shi za ki gane ko aikinki yana ci.

Sai ruwa. Mutane sukan fi mai da hankali kan abinci, amma ruwa ne lagonsu. Kyankyaso yana iya yin kusan wata guda ba abinci muddin yana samun ruwa, amma idan babu ruwa da wuya ƙaramin nan ya wuce mako biyu. Famfo mai ɗiga, bututu mai gumi, soso jiƙaƙƙe, tsumma a gefen wurin wanke-wanke, kwanon ruwan kyanwa, farantin tukunyar fure, duk rijiyoyi ne a wurinsu. A gyara mai ɗiga. Kafin ki kwanta ki goge wurin wanke-wanke ya bushe, ki matse soso ki sa shi cikin roba mai murfi. Wannan ɗan aikin na minti biyar ya fi gwangwanin feshi goma amfani.

Abinci kuma kin sani: kada kwanuka su kwana ba a wanke ba, kayan abinci su koma cikin mazubi mai murfi mai kamawa, shara ta fita kafin dare. Abin da aka fi mantawa shi ne maiƙon da ke taruwa a gefen murhu da ƙarƙashinsa, wanda zai iya ciyar da ɗaruruwansu. Haka kuma kwali. Ramukan da ke tsakanin ninkin kwali daidai jikinsu suke, gam ɗinsa ma ci suke yi, kuma ta cikinsa ne sau da yawa suke shigowa gida tun farko, ko ta cikin kayan lantarki da kujerun da aka sayo na hannu. Ki fitar da duk kwalin da ba dole ba. Ina so ki fahimci cewa tsafta kaɗai ba za ta kashe su ba, kuma samun kyankyaso ba shaida ba ce cewa mace ƙazama ce. Na shiga gidaje masu ƙyalli da suke fama da su. Amfanin tsaftar a nan shi ne ta sa su yunwa, domin idan suka tarar da gubar da za ki ajiye, kada su sami abin da ya fi ta.

Idan kina da injin zuƙe ƙura, ki zuƙe sheƙar da kika gano kai tsaye, da su da kashinsu da kwansuna, ki ɗaure abin da ya fito cikin leda ki fitar waje nan take. A rana ɗaya za ki rage musu yawa sosai ba tare da ɗigon magani ba. Yaron ya kasance baya gida lokacin. Wanda ya fito fili kuma, ruwan sabulu mai kauri a robar feshi ya ishe shi, domin ta ƙananan ƙofofi a gefen jikinsa yake numfashi, sabulun kuma yana toshe su.

Yanzu ga babban makamin. Ana sayar da shi a cikin sirinji, jel ne mai kauri da aka haɗa abincin da kyankyaso ke so da guba mai jinkirin kisa. Ki duba kwalin ki nemi ɗaya daga cikin waɗannan sunaye kamar yadda ake rubuta su: fipronil, indoxacarb, hydramethylnon, imidacloprid, dinotefuran ko abamectin. Ki tabbatar yana da lambar rajistar hukumar da ke kula da magunguna a ƙasarku, da ranar ƙarewar aiki, domin jabu suna da yawa.

Jinkirin kisan nan shi ne hikimarsa. Kyankyason da ya ci ba ya faɗuwa nan take. Yana komawa tsaga, ya yi kashi, ya yi amai, ya mutu bayan awoyi ko kwana ɗaya zuwa uku, gwargwadon sinadarin. Jariran da ba sa fita kuwa da kashin manya suke fara rayuwa, don haka sai su ci gubar a can inda suke. Sauran kuma su ci gawar. Ta haka magani yake isa wurin da hannunki da feshinki ba za su taɓa isa ba. Masu bincike na Jami'ar Jihar North Carolina sun gwada wannan a gidaje 30 a wani aiki da aka wallafa a 2019. A gida 20 aka yi amfani da gwangwanin nan da ake kunnawa a rufe ɗaki ya cika shi da hayaƙin magani, a gida 10 aka sa jel. Gidajen hayaƙin yawan kyankyasansu bai ragu ba, sai dai maganin ya sauka a kan tebura da daɓe, inda mutane ke taɓawa. Gidajen jel kuwa kwarin sun ragu ƙwarai.

Yadda ake sa shi yana da muhimmanci kamar irin wanda aka saya, kuma a nan mutane da yawa suke ɓata kuɗinsu. Ɗigo ƙanana masu yawa ake so, ba dunƙule ɗaya babba ba. Kowane ɗigo kada ya wuce kan ashana biyu, a bar tazarar kamar taƙi ɗaya ko biyu tsakaninsu a wuraren da kika ga kashi. A cikin hinji, a kusurwar kabad ta sama da ta ƙasa, a bayan durowa, a bakin ramin bututu, a ƙarƙashin firji kusa da injin, a tsagar da ke tsakanin kabad da bango. Kicin ɗaya mai fama sosai zai iya cin ɗigo 30 zuwa sama. Ba a sa shi a tsakiyar daɓe, domin kyankyaso gefe-gefe yake bi. Ba a sa shi inda ruwa zai wanke, ko jikin abu mai zafi sosai da zai busar da shi, ko kan wurin da ake yanka abinci. Idan ba ki son ya ɓata katako, ki ɗiga a kan 'yar takarda mai santsi ki ninke ta ki cusa. Inda hannun yaro zai iya kaiwa kuma, ki yi amfani da irin wanda yake rufe cikin ɗan akwatin roba mai ƙofofi.

Abin da zan fi jaddada miki shi ne kada feshi ya kusanci jel. Ko sau ɗaya. Feshi yana gurɓata shi, kwarin su ƙi ci, kuma yana kashe wanda ya ci tun bai kai gubar gida ba. Haka ruwan wanke daɓe mai ƙarfin ƙamshi da bilic, kada su taɓa ɗigon. Idan kin yi feshi kwanan nan, ki wanke wuraren da ruwa da sabulu, su bushe, ki ɗan jira kwanaki kafin ki sa. Na san wannan shi ne mafi wuya. Za ki kunna fitila ki ga ɗaya yana tafiya a hankali a kan bango, hannunki ya kai ga gwangwani. Ki daure. Wanda ke tafiya da rana kamar mai maye ya riga ya ci, aikinki yake yi miki.

Ki koma bayan kwana uku zuwa bakwai. Ɗigon da aka cinye tas ki sake sa wani, ki ƙara da wasu a kusa, domin nan jama'a take. Wanda ya bushe ya taurare ki kankare ki sa sabo. A mako na farko za ki ga matattu da yawa. A mako na uku ko na huɗu wataƙila ki ga ƙanana baƙaƙe sun bayyana, zuciyarki ta karye. Kada ta karye, ƙwan da ke cikin kwanso ne ya ƙyanƙyashe, kuma idan suka tarar da sabon jel a bakin ƙofarsu ba za su kai ga balaga ba. A nan ne mafi yawan mutane ke dainawa, shi ya sa bayan wata uku suke komawa gidan jiya. Ki ba aikin wata biyu zuwa uku, kuma kada ki ce an gama sai tarkon danƙo ya yi mako huɗu a jere bai kama komai ba.

Wani lokaci za ki ga suna wuce jel ba su kula shi ba. Yana iya zama ya tsufa, ko akwai abinci a kusa, ko kuma kin haɗu da irin da suka ƙi zaƙi. Tun farkon shekarun 1990 wani masanin kwari mai suna Jules Silverman ya gano wasu kyankyasan Jamus da ke gudun gulukos, sukarin da ake sa wa a irin wannan magani don jan hankalinsu, kuma a 2013 shi da Ayako Wada-Katsumata da Coby Schal suka nuna cewa a bakin waɗannan kwari sukarin ɗaci yake yi. Halin gado ne, 'ya'yansu ma haka suke fitowa. Maganin wannan shi ne sauyi. Idan sirinji ɗaya ya ƙare, ko bayan kamar wata uku, ki sayi na wani kamfani mai wani sinadari daban.

Hodar borik asid tsohon magani ne mai kyau, kuma kwari ba su cika sabawa da ita ba, sai dai kusan kowa yana sa ta ba daidai ba. Kyankyaso ba ya taka tulin hoda, kewaye shi yake yi. Ana so a hura ta siririya ƙwarai, wadda da kyar ido zai gani, a cikin wuraren da ke rufe kuma busassu: ramin bango, ƙarƙashin kabad, bayan abin da ba a motsawa. Idan ya bi ta kai sai ta manne a ƙafafunsa, ya zo lasar jikinsa ya haɗiye. Tana ɗaukar kwanaki kafin ta kashe, kuma idan ta jiƙe ta dunƙule aikinta ya ragu. Kada ta hau kan jel. A gidan da ke da yaro mai asma ni na fi son a taƙaita ta ga wuraren da za a toshe bayan an hura, kuma kada a cuɗa ta da abinci a ajiye a fili, domin guba ce ga yaro idan ya ci. Akwai kuma magungunan hana balaga, irin su pyriproxyfen da hydroprene, waɗanda ba sa kisa amma suna sa 'ya'ya su girma ba su iya haihuwa. Alamar suna aiki ita ce ganin manya masu murɗaɗɗen fiffike. Masu sana'ar kashe kwari sukan haɗa su da jel idan abin ya yi tsanani.

Idan yawansu ya faɗi, sai toshe kafofi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kyankyaso kuwa tsagar da ke isarsa ba ta kai ta ƙadangare ba. A 2016 an nuna a Jami'ar California da ke Berkeley cewa babban kyankyaso yana iya matse jikinsa ya ratsa kafar da ba ta wuce milimita 3 ba, to ina ga jaririn ƙarami. Ki bi da silikon ko siminti: kewayen bututu, tsakanin kabad da bango, tayil ɗin da ya fashe, gefen soket. Na ce a bari sai daga baya ne saboda da farko tsagogin nan su ne wuraren ajiye jel.

Idan kuma kina ganin manya jajaye masu tsawon santimita 4 ko fiye, masu tashi sama wani lokaci, wannan wani iri ne, Periplaneta americana, kuma labarinsa daban. Gidansa magudanar ruwa, kwata, ramin masai da rumbun najasa, cikin ɗaki baƙunta yake zuwa. Kwansonsa ƙwai 14 zuwa 16 ne, 'ya'yansa kuma sukan yi wata shida zuwa shekara kafin su balaga, don haka ba ya cika gida da sauri kamar ƙaramin. Aikinsa tare hanya ne. Bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke da na banɗaki yana da lanƙwasa da ke riƙe ruwa, wannan ruwan shi ne ƙofar da ke hana su hawowa. Banɗakin da aka daɗe ba a shiga ba ruwansa yakan ƙafe, sai a riƙa zuba masa duk mako. A sa raga a bakin magudana da kan bututun fitar da iska, a rufe bakin masai da murfi mai kamawa, a gyara murfin rumbun da ya fashe, a sa roba a ƙasan ƙofar da ke da rata, a janye tarin itace da tarkace daga jikin bango.

Gidan da ke haɗe da na wasu kuma, ko bene mai sassa da yawa, ke kaɗai ba za ki ci yaƙin ba, domin ta jikin bututu da wayoyin wuta suke ƙaura daga sashe zuwa sashe. Ki yi wa maƙwabta da mai gida magana cikin mutunci a yi aikin lokaci ɗaya.

Akwai abubuwan da nake roƙonki da Allah kada su shiga gidanki, ko wa ya ba ki shawararsu. Na farko ƙwayar nan da ake sa wa a rumbun hatsi, aluminium phosphide. Da ta ji laima take fitar da iskar fosfin, guba ce wadda ba ta da makari. A watan Janairun 2017 a garin Amarillo na jihar Texas, yara huɗu 'yan gida ɗaya suka rasu bayan an sa ta a ƙarƙashin gidansu aka kuma watsa mata ruwa. Na biyu maganin gona mai dichlorvos, da haɗe-haɗen da ake ɗurawa a kwalabe marasa suna. Yana shiga ta numfashi da ta fata, yana taɓa jijiyoyi, kuma ga mai asma haɗarin ya ninka. Na uku allin kashe kwari, wanda yara ke ɗauka a matsayin allin rubutu. Kananzir da fetur ma kada a zuba. Idan har tsautsayi ya sa yaro ya haɗiyi wani magani, kada a sa shi amai, a ɗauki kwalbar ko kwalin a garzaya asibiti da shi.

Na'urorin da ake maƙalawa a soket wai suna korar kwari da ƙara, kada ki ɓata kuɗinki. Tun 2001 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni sama da 60 masu sayar da su cewa sai sun kawo hujjar kimiyya kan abin da suke da'awa. Ganyaye da mai masu ƙamshi kuma iyakarsu su kore su daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Game da yaronki, batun ya wuce ƙyama. Kyankyasai suna kwaso ƙwayoyin cuta irin su Salmonella a ƙafafunsu da cikinsu su bi ta kan kwanuka, amma ga mai asma babbar illar tana cikin kashinsu da yawunsu da saɓarsu, waɗanda ke bushewa su gauraya da ƙurar ɗaki. Wani babban bincike da aka wallafa a 1997 kan yara 476 masu asma a wasu biranen Amurka ya gano cewa yaran da jikinsu ba ya jituwa da kyankyaso, kuma ɗakin kwanansu yake da wannan ƙura da yawa, ana kwantar da su a asibiti fiye da ninki uku na sauran. Wannan ƙurar ba ta tafiya don kwarin sun mutu, takan yi watanni a gida. Saboda haka bayan jel ya yi aikinsa, ki sa takunkumi da safar hannu ki wanke duk inda kika ga tabon kashi da ruwan ɗumi da sabulu. Da jiƙaƙƙen tsumma za ki goge, kada ki yi sharar da za ta tada ƙura, kuma yaron yana waje. Wankin yana da wata fa'ida: warin kashin ne ke kiran 'yan'uwansu su taru a wuri, idan kika kawar da shi kin rushe alamar. Ki wanke zannuwan gadonsa da labule, kada a ci abinci a ɗakin kwanansa, kuma idan kun je asibiti ki gaya wa likitansa cewa akwai kyankyasai a gidan, domin zai iya sa a gwada ko suna cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwon.

Idan kin bi wannan na mako shida zuwa takwas amma tarkon danƙo bai nuna raguwa ba, ki kira mai sana'ar da ke da lasisi. Ki lura da abin da ya fara yi idan ya shigo. Wanda ya san aikinsa zai fito da tocila ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kabad, ya tambaye ki inda kike ganinsu da abin da kika riga kika sa. Ki tambaye shi sunan sinadarin da zai yi amfani da shi, ki ce ya nuna miki kwalbar da takardarta, ki gaya masa akwai mai asma, ki kuma ji yaushe zai dawo ya duba. Wanda ya ce zai fesa gida duka sau ɗaya ku fita na kwana guda shi ke nan, ko ya ƙi faɗin abin da ke cikin tankinsa, ki sallame shi tun daga bakin ƙofa.